Yadda muka shirya wasan Baba mai gadi a Tudun Wada

Ni dai asalina ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, koyarwa nake yi a wata makarantar kuɗi a nan Tudun Wada ta Kaduna, amma abin yana jinina tun ina yaro. Mu ne yaran da in azumi ya kai goma za ka gan mu da gemun auduga da gwangwani muna bin gidaje muna tashe, mu ne kuma masu cika falon maƙwabcinmu mai talabijin in za a sa Samanja ko Kasimu Yero, Allah ya jiƙansu da rahama. To shekarar 2024 ce ta dawo da ni cikin harkar, kuma abin da ya faru daga watan Satumba zuwa Disamba na shekarar shi nake so in ba da labari, don har yanzu ina juya shi a raina.

Kowa ya san halin da aka shiga tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ba sai na tsaya faɗa ba, wanda yake cin sau uku ya koma biyu, mai biyu ya koma ɗaya. Da aka zo zanga-zangar watan Agusta 2024 har sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, muka zauna a gida muna kallon juna. Bayan an ɗage dokar kullum in mun haɗu wajen mai shayi bayan isha'i magana ɗaya ce, masu kuɗi sun yi kaza, 'yan siyasa sun yi kaza, a yi ta musu har mai shayi ya fara kife kofuna. Rannan sai ɗaya daga cikinmu, wanda ya karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ce wallahi shi ya gaji, surutun nan shayi na ƙarewa yake ƙarewa, me zai hana mu ɗora shi a dandamali mutanen unguwa su gani. Shi ne ya zama daraktanmu. Mu tara muka fara, maza shida mata uku, akwai tela, akwai mai POS, akwai ɗaliban Kadpoly biyu, akwai wata yayarmu ma'aikaciyar jinya da kowa yake ce wa Anti.

Ni aka ba rubutu saboda ni ne malamin makaranta. Na yi sati biyu ina rubutawa a littafin ɗalibai mai shafi 80, da dare in an kawo wuta, in ba a kawo ba da fitilar waya. Labarin wani Alhaji ne mai gida a Unguwan Rimi da yake shirin tsayawa takarar majalisar jiha, da tsohon da yake masa gadi. Na zuba duk fushin da ke cikina a kan Alhajin nan, na sa shi yana zagi, yana korar almajirai da bulala, har mari na sa ya yi wa mai gadin, shi kuma mai gadin na sa shi kuka kusan a kowace fitowa, yana ɗaga hannu sama yana cewa wayyo talauci. Da na karanta musu a ajin firamaren da hedimasta ya ara mana muke haɗuwa, samarin suka yi ta tafi suna cewa ka gama da su. Darakta bai tafa ba. Ya tambaye ni, ka taɓa zama da mai gadi kun yi hira ta awa ɗaya? Na ce a'a. Ya ce to wannan ba mai gadi ka rubuta ba, tausayinka ka rubuta.

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Amma ya zaunar da mu ya yi mana bayani yadda aka koya musu a jami'a a Samaru, cewa tun wajen tsakiyar shekarun 1970 malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo suke fita ƙauyuka, ba wai su rubuta wasa a ofis su kai wa manoma ba, a'a, su je su zauna da mutane su ji matsalarsu daga bakinsu, maganar taki ce ko ta gona ko ta ruwan sha, sannan a gina wasan tare da su a yi shi a filin garin. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka kafin a sake rubuta ko layi ɗaya sai mun fita.

Muka raba kanmu bibbiyu. Dare huɗu muka yi muna zagayawa Unguwan Rimi da Malali bayan isha'i, mu sayi shayi da burodi mu zauna a kan benci a bakin get. Wasu sun ƙi magana sam, suna tsoron ko maigida ne ya turo mu, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu kuma kamar jira suke a tambaye su. A dare na uku ne na haɗu da tsohon da ya canza mana komai, zan dai kira shi Baba. Ya haura sittin, yana da 'yar rediyo da tocila da sanda da buzun salla, ɗakin gadin nasa in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Da na gaishe shi na ce Baba mun zo ne muna son jin yadda aikin gadi yake, sai ya ce ɗana ai ni ba mai gadi ba ne, ni masaƙi ne, gadi same ni ya yi.

Ashe shekara 19 ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna. Nan ya shiga ba ni labarin yadda Kakuri take a da, jiniya ta yi kuka ka ga mutane kamar fari suna fitowa a kan kekuna, masu aikin safe na fita masu aikin rana na shiga, masu abinci da masu gidajen haya da teloli kowa na ci daga jikin masaƙa. Tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe masaƙa ta farko a wajen, daga baya wasu suka biyo, har hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take, kuma daga cikinta Adams Oshiomhole ya taso kafin ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Baba ya ce a lokacin in an taɓa albashinka ba kai kaɗai za ka je ofis ba, akwai wakilin ƙungiya da zai shiga gaba, akwai takarda, akwai ranar biya da kowa ya sani. Daga farkon shekarun 2000 masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, shi ma tasu ta rufe, ya yi faci, ya yi dako, ƙarshe ya zo bakin get ɗin nan.

Na tambaye shi nawa ake biyansa, ya ce dubu 25, kuma a lokacin gwamnati ta riga ta sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 tun watan Yuli, amma wa zai kawo wannan magana bakin get. Na ce ana biya a kan lokaci? Ya yi shiru ya gyara rediyonsa, sannan ya ce wata uku ke nan yanzu. Ni kuma da zafina na ce lallai maigidan nan mugu ne. Sai Baba ya ɗaga hannu ya ce a'a ɗana kar ka ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba, Baba yake ce mini, da salla yana ba ni shadda, ran Juma'a in an dafa ana miƙo mini, ko jiya ya ba ni dubu biyu ya ce in sha ruwa. Matsalar ita ce in na ce albashina sai ya ce haba Baba, ai mun zama ɗaya, me kake buƙata in ba ka. Ni kuma ba kyauta nake so ba, kuɗina nake so, in san ranar da zai zo in san abin da zan gaya wa mai gidan haya.

Wallahi a kan keke napep ɗin da ya maido ni gida ban ce uffan ba. Ni na tafi neman azzalumi mai bulala, sai na tarar da abin da ya fi bulala wuyar kamawa, mutum ya riƙe haƙƙinka ya riƙa gutsuro maka shi da sunan alheri, kai kuma dole ka durƙusa ka ce na gode Allah ya ƙara arziki. Kafin mu rabu ma sai da Baba ya ja mini kunne, ya ce in za ku yi wasan ku yi, amma don Allah kar ku sa ni kuka, ni ban taɓa yin kuka a gabansa ba.

Na yaga rubutun farko na sake sabo. Alhaji ya zama mai fara'a, mai yawan salati, mai kyauta. Duk ran Juma'a ana raba shinkafa da taliya a ƙofar gidansa, yaransa na ɗaukar bidiyo ana sawa a Facebook da TikTok saboda takara na tafe, kuma wanda yake riƙe da sanda yana tsara layin masu karɓa shi ne mai gadin da yake bin albashin wata uku. Wannan fitowar ba ni na ƙirƙiro ta ba, mai POS ɗinmu ne ya ji ta daga bakin wani mai gadi a Malali. Anti ta kawo 'yar aiki, yarinyar da aka kawo daga ƙauye, kuɗin aikinta wata mata ce da ta kawo ta take karɓa, ita ko ganinsu ba ta yi. Tela ya kawo direba, wanda shi ma talaka ne amma saboda yana shiga mota ɗaya da Alhaji yana ganin ya fi mai gadi, shi ne ma yake hana shi ganin maigida. Sai kuma ɗan Alhaji, wanda ya gama jami'a, kullum yana rubutu a waya kan 'yancin talaka da zaluncin shugabanni, amma in ya dawo ƙarfe ɗaya na dare hon yake dannawa ba ƙaƙƙautawa, bai ma san sunan tsohon da yake buɗe masa get ba. Darakta ya ce ni zan fito a wannan. Na ce me ya sa ni, ya ce saboda a cikinmu kai ka fi kowa rubutu a Facebook. Ban yi musu ba don gaskiya ya faɗa, laifi tudu ne.

Sunan wasan daga hadisi muka ɗauko shi, wanda Ibn Majah ya ruwaito cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Muka sa masa Kafin Gumi Ya Bushe.

Rihasal kuma sati takwas muka yi, Talata da Alhamis bayan la'asar, Asabar da safe. Ba na mantawa da wahalar da wanda ya fito a Alhaji ya sha, don jikinsa ya saba da Alhajin finafinai mai tsawa da zare ido, da ya shigo sai ya fara ɗaga murya, darakta ya ce tsaya, sake, yi murmushi, dafa kafaɗarsa, ka ce masa Baba. Ya ce to in na yi haka ai mutane za su so ni. Darakta ya ce haka nake so, su so ka tukuna, sannan su ga abin da kake yi, don kowa a cikinsu yana da irinka a danginsa, wani ma shi ne. Wanda ya fito a mai gadi kuma ɗalibi ne ɗan shekara 24, sai da muka kai shi wajen Baba ya zauna dare biyu yana kallon yadda yake tashi in ya ji mota, yadda yake dafa gwiwa kafin ya miƙe, yadda yake rage rediyo da sauri. Ranar da ya dawo ya yi mana wannan tashin a aji, Anti ta juya baya tana share ido, ta ce haka mahaifinta yake tashi.

Akwai ranar da muka kusa watsewa. Ɗaliban nan biyu suka dage sai a ƙare wasan da talakawa sun fasa get sun kwashe shinkafa, tela ya ce shi ba zai sa hannu a abin da zai zama zuga ba, ga abin da aka gani a watan Agusta, yara nawa aka kama. Aka yi ta ɗaga murya har maigadin makarantar ya leƙo. Wani dattijo da yake zuwa kallon rihasal ɗinmu, kawun tela ne, tsohon ɗan jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, shi ya raba gardamar. Ya ce yara ku zauna, wannan rigimar ta girme ku. Ya ce Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni yana nuna halin masu mulki da yadda ake cutar talaka, kuma da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ƙarara suka rubuta cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ba su ɓoye ba. Amma abin da suka koya wa talaka shi ne ya san haƙƙinsa ya tsaya a kai ya faɗa da bakinsa a gaban kowa, ba ya wawushe kayan wani ba. Ya tuna mana yadda Balarabe Musa da ya hau gwamnan Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, da yadda majalisa ta tsige shi a watan Yuni 1981, ya ce shi yana nan a garin nan aka yi, ya ga manoma da Fulani da suka daina gudu daji in an ce ga masu karɓar haraji. Ya ce wannan ba kyauta aka yi musu ba, nauyi aka sauke musu wanda da ma bai kamata a ɗora ba. Maganarsa ta zauna daidai kan abin da Baba ya gaya mini.

Daga nan darakta ya kawo shawarar da ta warware komai, ya ce kar mu ƙare wasan sam. Akwai wata hanya da wani ɗan ƙasar Barazil mai suna Augusto Boal ya shahara da ita, a kai wasa daidai inda ya yi zafi sai a tsaya, a juyo wajen 'yan kallo a ce to ku me za ku yi, wanda yake da shawara ya taso ya karɓi matsayin ɗan wasan ya gwada a gani. Kowa ya yarda.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce kullum take kashe irin wannan abu. Mun yi karo-karo dubu biyar-biyar, muka je Panteka wani mai walda ya haɗa mana get na ƙarfe marar nauyi da ragowar faifai, da ya ji labarin wasan ma ya rage mana kuɗin aiki. Babbar rigar Alhaji aro muka yi, tsohuwar kwat ɗin mai gadi da hular sanyi a gwanjon Kasuwar Barci muka samo. Amma kanopi da kujeru 150 da janareto da lasifika sun fi ƙarfinmu. Sai aka haɗa mu da wani mai hali da yake da sha'awar siyasa, ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce zai ɗauki nauyin komai har da ruwan roba. Ya nemi ya ga rubutun, muka ba shi. Bayan kwana biyu yaronsa ya kira ni ya ce oga ya ji daɗi ƙwarai, gyara biyu ne kawai, a cire wajen rabon shinkafa da kyamara, sannan a ƙarshe Alhaji ya kai mai gadin Umara, kuma a sa hoton oga a fosta.

Mun zauna a kan wannan har dare. Ba zan ce ba mu yi kwaɗayi ba, kuɗin da yawa, kuma wasunmu ko na mota da ƙyar suke samu su zo rihasal. Anti ce ta ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in mun karɓa to mun zama masu tsayawa a layin shinkafar da muke nunawa. Muka je mu uku muka yi masa godiya cikin ladabi, muka ce ranka ya daɗe mun gode da karamci amma wasan ba zai gyaru haka ba. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya taimaka. Muka haƙura da kanopi, muka nemi tabarmi da bencinan makaranta, wani mai gidan kallon ƙwallo ya ara mana janareto da sharaɗin mu sa mai.

Kafin ranar mun je wajen mai unguwa mun gaishe shi mun yi masa bayani, ya ce mu kai takarda ofishin 'yan sanda don a san da taron, muka kai. Mun je wajen limamin masallacinmu shi ma, don ba ma son a ji daga baya. Ya saurare mu tsaf, ya ce sharaɗinsa uku, mata su zauna gefe maza gefe, 'yan wasa mata su yi shiga ta mutunci, a tashi kafin magariba. Da ya ji sunan wasan ya yi murmushi ya ce shi ma zai zo.

Ranar Asabar ce a watan Disamba, hunturu ya sauka, ƙura ta rufe rana. A filin makarantar muka kafa get ɗinmu, muka fara ƙarfe huɗu da kwata. Mutane sun fi yadda muka zata, yara a gaba a ƙasa, mata a dama da hijabai kala-kala, dattawa a kan benci, samari a tsaye a baya har kan katanga. Da farko dariya ake ta yi, musamman in direba ya fito yana taƙama da makullin mota yana juya shi a yatsa. Da na fito ina danna hon da baki ina kallon waya, tsohon ya taso da ɗingishi ya buɗe mini na wuce ko kallonsa ban yi ba, na ji wata mata ta ce kai amma yaron nan ba shi da tarbiyya, kuma wallahi har cikin ƙashina na ji ta, don na san sau nawa na wuce maigadin makarantar da nake koyarwa ban yi masa sallama ba. Wajen rabon shinkafa lasifika ta ɗauke, janareto ya shaƙe, muka ci gaba da baki kawai, sai ma abin ya fi, don dole kowa ya yi tsit.

Fitowa ta ƙarshe ita ce 'yar mai gadi tana asibiti za a yi mata tiyatar haihuwa ana neman kuɗi. Ya tsaya a bakin mota ya cire hula ya ce Alhaji ina son albashina. Alhaji ya dafa shi ya ce subhanallahi Baba, ai da ka faɗa tun jiya, ya zaro dubu goma ya ce ga wannan sadaka ce Allah ya ba ta lafiya. Mai gadi ya kalli kuɗin bai miƙa hannu ba, ya ce Alhaji ba sadaka na zo nema ba, kuɗina na zo karɓa, wata uku. Nan darakta ya tafa hannu ya ce tsaya. Ya juyo ya ce jama'a, Baba me zai yi?

Filin ya yi shiru kamar ruwa ya cinye mu, sannan ya ɓarke. Wata dattijuwa ta ce ya karɓa mana, rai ake magana, haƙƙi ya biyo baya, in ya yi taurin kai aka kore shi wa zai ba shi wani aikin da tsufansa. Mata da yawa suka goyi bayanta, kuma ni ban ga wanda zai ce ta yi kuskure ba. Wani saurayi ya taso ya sa kwat ɗin ya gwada yi wa Alhaji tsawa, Alhajinmu bai fita daga halinsa ba, ya yi murmushi ya ce direba gobe a nemo wani mai gadin, shi ke nan saurayin ya tsaya ya rasa ta cewa, mutane suka ce ka gani ko. Wani mutum mai furfura ya taso daga baya, ya ce shi ma tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya ce matsalar shi kaɗai ya zo, layin nan gida nawa ne, masu gadi nawa ne, ya kira mutum biyar daga cikin 'yan kallo suka tsaya a bayan mai gadi, sannan ya ce a kira liman da mai unguwa su zama shaida a rubuta abin da ake binsa. Aka gwada haka, kuma a karon farko muka ga Alhaji ya rasa murmushinsa da gaske, ɗan wasan ya gaya mini daga baya cewa shi kansa bai san me zai ce ba.

Liman ya miƙe ya karanto hadisin, ya ƙara da cewa sadaka ba ta biyan bashi, wanda ake binsa haƙƙin ma'aikaci ya fara saukewa kafin ya tara jama'a a ƙofar gida. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai wani ɗan kasuwa ne da na sani a unguwa, ba mai kuɗi ba ne can, shago ɗaya gare shi. Ya ɗaga hannu, da aka ba shi dama ya ce shi ba shawara zai bayar ba, yaron shagonsa shekara biyu yana tare da shi ba su taɓa yanka albashi ba, sai dai ya ba shi na abinci in ya ga dama ya ƙara masa wani abu, kuma shi duk zamansa yana ganin taimakon yaron yake yi. Ya ce yau zai je su yi lissafi. Ya zauna. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi dariya.

Da na koma gida a daren na tarar da almajirin da yake mana wanke-wanke da ɗebo ruwa yana zaune a zaure da kwanonsa yana jiran a zuba masa. Shekara uku yana zuwa gidanmu. Na shiga na tambayi Mama nawa muke ba shi, ta ce ai yana cin abinci safe da dare, ga kayanka da kake ba shi. Na ce Mama abinci daban, aikin fa? Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce kira shi. Muka zauna mu uku a tsakar gida muka yanka abin da za a riƙa ba shi duk Juma'a, ni zan riƙa bayarwa daga albashina, kuma a daren ne na fara tambayarsa garinsu da sunan mahaifinsa.

Baba bai samu zuwa kallon wasan ba. Na gayyace shi tun da sati biyu, har na ce zan turo keke ya ɗauko shi, ya ce ba wanda zai bar wa get. Don haka ran Litinin bayan isha'i na sayi shayi da burodi na tafi da bidiyon a waya. Muka zauna a bencin nan, sanyi na kaɗawa, ya rufe kunnuwa da hula, ya riƙe wayar da hannu biyu nesa da fuskarsa. Ya yi dariya wajen direba, ya ce akwai irinsa a gida na uku daga nan. Da aka zo wajen da yaron ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce kai, wannan ai ni ne. Da aka zo ƙarshe ya ce in mayar masa baya, na mayar, ya sake saurara, ya gyaɗa kai ya ce bai yi kuka ba ko, na ce bai yi ba Baba. Ya ce madalla.

Ina cikin nuna masa wajen da mutum biyar suka tsaya a bayan mai gadi sai fitilar mota ta haske mu, aka danna hon sau biyu. Ya miƙo mini wayar, ya ce riƙe mini daidai nan ɗana kar ya wuce, ya dafa gwiwa ya tashi ya nufi get.